Sada Ba Ya Tsayawa a Ƙofar Kowa

Duk mazaunin unguwar Sintali ya san Sada, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai farar hula da ke wucewa kullum ƙarfe bakwai saura, yana gaisuwa dama da hagu ba tare da ya rage sauri ba. Direba ne, ya fi shekara ashirin yana tuƙi, amma a ƙafa yake zuwa aiki. Baƙi sukan ɗauka rowar kuɗin keke napep ce. 'Yan unguwa kuwa sun san dalili, sai dai ba sa son a tambaye su.

Kakansa daga Katsina ya zo Jalingo da sana'ar dukanci, amma Sada ko riƙon basilla bai gada ba. Ya yi shekaru yana jigilar buhunan shinkafa a hanyar Lau, har wata ƙungiyar taimakon juna da ke unguwar Turaki ta sayi farar bas ta ɗaukar gawa, ta ba shi makulli. Musulmi da Kirista duk yana kai su, kuma fasinjojinsa ba su taɓa yi masa ƙorafin gudu ba.

Da farko da motar yake komawa gida. Lungunsu matsattse ne, don haka duk inda ya samu inuwa nan yake ajiye ta. Wata la'asar ya ajiye ta a ƙofar Baba Simeon, tsohon malamin makaranta. Kafin Sada ya gama cin abinci mata sun fara shiga gidan suna kuka, wani ma har ya tafi neman kujerun zaman makoki. Baba Simeon ya fito da singileti yana tambayar wa ya mutu.

"Sada, wannan mota naka ya kashe ni da raina," in ji shi, yana dariya har da hawaye.

Bayan kwana uku Sada ya ɗauke shi a cikinta.

Aka ce ajali ne, kuma ajalin ne. Sai kuma taya ta sace masa daidai ƙofar Hamna mai masa, mace lafiyayya mai faɗa kamar zakara. Ba ta kai Juma'a ba. Daga nan ba wanda ya ce da Sada uffan. Duwatsu kawai ya fara gani a ƙofofin gidaje, da tsofaffin turame, don kada ya samu wurin tsayawa. In ya yi sallama, a ciki-ciki ake amsawa. Liman ya yi wa'azi mai zafi a kan camfi, kowa ya gyaɗa kai, amma shi ma limamin da dutse a ƙofarsa.

Sada mutum ne mai son jama'a, rashin gaisuwar nan ya fi masa yunwa ciwo. Sai ya bar motar a harabar ƙungiya, ya koma tafiyar ƙafa, minti arba'in zuwa, arba'in dawowa. Tafiyar ta karɓe shi. Tumbin da zaman mota ya tara masa ya sace, ciwon baya ya sake shi, likita ya rage masa maganin hawan jini yana ta yaba masa kamar shi ya ba da shawarar. Gaisuwa ma ta dawo, aka kwashe duwatsun.

Amma ya lura da wani abu. In ya ɗan sassauta tafiya a gaban wani gida, fuskar mai amsa gaisuwar takan canza, uwa ta jawo ɗanta ciki. Don haka ya daina sassautawa. Ranar da takalminsa ya tsinke, a hannu ya riƙe shi, ya taka kwalta mai zafi har sai da ya kai filin da ba gidan kowa. Yakan ce shi bai yarda da camfi ba, amma shekara tara ke nan bai gwada ba. Gaskiyar magana, tsoro yake ji.

Inda abin ya fi ci masa rai shi ne gidan Ɗantani tela, abokinsa tun suna yara. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Ɗantani ya shanye. Kullum da safe ana fito da shi a kujera ya sha hantsi, kullum Sada na gaishe shi daga tsakiyar titi. Ko sau ɗaya bai shiga dubiya ba, don yana ƙaunar mutumin.

Wata Talata ya hango an ajiye benci kusa da kujerar.

"Sada, zo ka zauna," in ji Ɗantani, da bakinsa da ya karkace.

"Ina sauri, Ɗantani. Aiki."

"Masu jiranka ba sa sauri."

Sada ya ci gaba da takawa, amma a hankali, kamar mai tafiya cikin taɓo. "Ka san abin da ake faɗa."

"Na sani. Shekara biyu ƙeyarka kawai nake gani. In ƙarya ne, mun yi hira. In gaskiya ne, ni dai na gaji, kuma gara kai ka tuƙa ni. Ka san ramukan hanya."

Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Bushra, matar Ɗantani, tana bakin ƙofa tana kallon Sada da jajayen idanu. Ya jira ta ce masa ya wuce. Ta sa gefen mayafinta ta goge bencin, ta koma ciki.

Sada ya tsaya. Ya tako ya zauna, Ɗantani ya damƙi hannunsa da hannun da ke motsi, hannun da ɗuminsa. Suka yi hirar malamin da ya taɓa zane su tare, da 'yan matan da suka ƙi su, da tsadar zare. Rana ta yi sama, inuwa ta bar bencin, aka kira azahar. Duk zancen da ya ƙare sai Sada ya lalubo wani, don ya san da zarar ya miƙe zai fara ƙirga kwanaki.