Ranar da Maman Senami Ta Ɗaga Filo

Yayana Dossa mutum ne da ba ya faɗa. Ba yabonsa nake yi ba, ni haushi ma abin yake ba ni. Tun muna yara a Porto-Novo, in na tsokane shi sai ya tashi ya bar mini wurin, in zauna ina cizon yatsa. Da ya girma ya zo Kwatano ya shiga kabu-kabu, kuma ko a cunkoson kasuwar Dantokpa, inda kowa ke zagin kowa, ba a taɓa jin muryarsa ba. Yanzu gwiwa ta hana shi hawa babur, yana facin taya a ƙofar gida a unguwar Akpakpa, 'yan unguwa suna kawo masa rigimarsu yana sasantawa. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya: sama da shekara talatin da aure, shi da matarsa Maman Senami ba su taɓa sa-in-sa ba. Duk angon da ya zo neman shawara sai ya sha wannan labari.

'Yarsu Senami ce ta jawo komai. Zanen gado da filo take sayarwa ta waya, kullum tana ɗora bidiyo a shafinta. Wata Asabar na je kai musu kifi, na tarar ta kafa waya a tsakar gida, ta jibge filo a kan tabarma.

"Papa, yau ranar faɗan filo ce a duniya. Kai da Maman za ku ɗan daddaki juna, in ɗauka."

"Me ta yi mini?"

"Ba ta yi maka komai ba. Wasa ne."

"To in ba ta yi mini komai ba, don me zan dake ta?"

"Don mutane su yi dariya su sayi filo."

"Wanda aka yi faɗa da shi za su saya?"

"Wayyo Papa! Sabo za su saya!"

Ya juyo wajena: "Huefa, ke kin gane?" Na ce ban gane ba, amma ya tashi, kada yarinya ta fashe da kuka. Ya tambaya ko coci ta san da ranar nan. Ya tambaya wa ya ci bara. Daga ƙarshe ya karɓi filon da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri.

Maman Senami ta fito daga madafa tana goge hannu. Mace ce shiru-shiru, ko gaisuwarta sai ka kasa kunne. Senami ta ce, "Ku fara!" Dossa ya ɗan taɓa kafaɗar matarsa da filo, ya ce, "Yi haƙuri." Muka tuntsire da dariya, har ita. Ita ma ta taɓa shi. Sai ta sake, da ɗan ƙarfi. A na uku na ga ta gyara ɗaurin zane.

Jama'a! Ban san matar nan tana da hannu haka ba. Tim! "Wannan na ranar da uwata ta rasu ka ce kana da fasinja!" Tim! "Wannan na keken ɗinkina da ka ba ƙanwarka ba ka tambaye ni ba!" Ƙanwar nan ni ce, sai na nemi wurin zama. Tana duka tana dariya, hawaye kuma na zuba. Senami na ihu, "Yawwa Maman! Ƙara masa!" don hankalinta na kan waya, ba ta jin komai. Filo ya fashe, audugar rimi ta cika gidan, kaji suka watse. Dossa yana tsaye fari fat, filonsa a rungume, yana murmushi don an ce ya yi murmushi.

Da aka gama ta kakkaɓe zanenta, ta ce tuwonta zai kama, ta koma madafa.

Senami ta ɗora wa bidiyon kiɗa, ya rufe maganar duka. Kafin Litinin ya zaga gari. Filo ya ƙare, 'yan kabu-kabu suna tsayawa suna yi wa Dossa ihu, "Tsoho, an ci ka da yaƙi!" A ƙasan bidiyon mutane suna rubuta Allah ya ba su aure irin wannan. Shi kuwa ya daina cin abinci sosai. Ya same ni inda nake ƙyafe kifi.

"Huefa, abin nan wasa ne ko gaske?"

"Kai me ka gani?"

"Na ga tana dariya."

"Me ka ji?"

"Filo ya toshe mini kunne. Na ji kamar ta ambaci uwarta. Amma ai ba mu taɓa faɗa ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, da wa za ta yi faɗan? Da bayanka?" Bai gane ba, wallahi bai gane ba, kuma a lokacin tausayinsa ya kama ni. Na ce ya je Senami ta cire masa kiɗan.

Ta cire. Ya saurara sau biyu, wayar a manne da kunnensa. Senami da ta ji abin da uwarta ke faɗa ta toshe baki, ta ce za ta goge bidiyon. Ya ce ta bar shi, ai kasuwa ce.

Washegari da safe na mayar da keken ɗinkin a kan babur. Ina shiga na hango shi a ƙofar madafa riƙe da sabon filo. Ya miƙa wa matarsa, ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai.

"Maman Senami, ƙarasa. Na san da saura."

Ta karɓa ta dube shi. Sannan ta ajiye filon a kan turmi, ta jawo 'yar kujera da ƙafa.

"Ba dukanka nake so ba, Dossa. Zauna."

Ya dubi ƙofar gida, inda wani ke danna masa oda da tayar babur a sace. Ya dubi kujerar.

"Ya jira," in ji shi, ya zauna.