Gashina da Ƙanƙarar Zoɓo

Ni ne na zuba wa ƙanƙara gishiri. Gara in faɗa da bakina, don na san 'yan unguwarmu, in aka bar musu labarin sai sun ce har da barkono da daddawa na sa. Hujjata kuwa mai ƙarfi ce a lokacin. Tun ina rarrafe nake ganin Inna tana barbaɗa wa kifi gishiri don kada ya lalace, to me zai hana ita ma ƙanƙara ta daɗe? Na cika tafin hannu na watsa cikin kula, na ƙara, na rufe, ina jin kaina kamar wanda ya kawo sabon ilimi Argungu.

Ga wanda bai san dalilin ƙanƙarar ba, wani ƙari ne ya fito min a cinyar dama. Aka kai ni Sakkwato aka yanke shi, aka ce ciwon daji ne, kuma sai an bi shi da wani magani ta ƙarin ruwa, zuwa bayan zuwa, don a kashe abin da ya yi saura. Likitan da ke duba ni yana zuwa wani asibiti a Birnin Kebbi lokaci-lokaci, sai aka shirya a riƙa sa min a can. Ya ce maganin yana sa amai, na ce ba komai. Ya ce yana sa kasala, na ce da ita aka haife ni. Da ya ce yana zubar da gashi, sai na miƙe zaune.

Tun ajin farko na sakandare nake kiwon wannan gashi. Malamin horo ya bi ni da almakashi har bayan ɗakin girki bai same shi ba. Wanzamin unguwarmu in ya hango ni sai ya hau wasa aska yana haɗiyar yawu. Baba kuwa sheƙar balbela yake ce masa. Ciwon nan ya ci naman cinyata, ya raba ni da ƙwallo, ya cinye min zangon karatu, duk na yi shiru. Gashin dai na ce ba zan bayar ba.

Likita ya yi dariya, sannan ya ce a ƙasar da ya yi karatu akwai wata hula mai tsananin sanyi da ake sa wa mutum lokacin ƙarin ruwan. Sanyin yana tsuke jijiyoyin jinin fatar kai, sai maganin da ke isa saiwar gashi ya ragu. Ya ce ba kowane irin ciwon daji ake yi wa haka ba, amma nawa ana iya gwadawa. Ba ya warkar da komai, kuma wasu duk da haka gashin zubewa yake yi. Hular babu ita a nan, amma in zan iya zuwa da ƙanƙara, zai sa nas ta taimaka. Ni dai kalmar ƙanƙara kawai na riƙe.

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da Baba da kular maƙwabta cike da ƙanƙarar da aka kwana ana daskarar mana. A tasha muka sami wata tsohuwar fijo, wadda na tabbata ta girmi direbanta. An loda mata buhunan albasa har bayanta yana sumbatar ƙasa. Kuɗin mota ya tashi, ɗan kamasho ya ce tunda aka ba mu jiha kowa Birni ya nufa, wanda bai yarda ba ga hanya nan ya taka. Gaskiyarsa ne kuwa. A kujerarmu kaɗai akwai mai neman aiki, da mai neman kwangila, da wani da bai san abin da yake nema ba amma ya ji an ce ana samu. Aka cusa kular ƙarƙashin ƙafafuna, na miƙe ƙafar dama a kanta.

Bazara ce, tun hantsi bai ɗaga ba zafi ya fara gaisuwa. Ta taga ina hango fadama, wuraren da aka yi ban ruwa kore shar, sauran kuwa duk sun tsage. Raƙuma na tafe gefen titi da mangalolin albasa, suna kallonmu a wulaƙance, don ba mu fi su sauri da yawa ba. A Alwasa mata suka yanyame motar da soyayyen kifi da fura. Na so tarwaɗa, Baba ya ce an hana ni maiƙo yau, ya saya wa kansa, ya ci a gabana ba ko kunya.

Dab da Ambursa wata mata da ke gefena ta ɗaga ƙafa ta ce wani yaro ya yi fitsari. Babu yaro a motar. Da direba ya tsaya ba injin ruwa, muka jawo kular muka buɗe. Dutsen ƙanƙarar da na baro gida da shi ya koma tafki, 'yan ƙwayoyi kamar tsakuwa suna iyo a sama. Baba ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya dube ni.

"Mi ka sa ciki?"

Na faɗa masa, har da bayanin kifi. Motar ta kwashe da dariya, direba har da riƙe ƙofa. Mai neman kwangila ya share hawaye ya ce, "Kai samari, namiji da kai. Aski guda ne fa, mu duka nan haka kawunanmu suke." Ya cire hula ya nuna min nasa yana walƙiya.

Na ce, "Kai ka kai kanka anka aske, Alhaji. Ni ƙwacewa za a yi."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Na sa rai zai ce to shi ke nan, Allah ya raba mu da sheƙar balbela. Ya zubar da ruwan gishirin a gindin wata bedi, ya rufe kular ya ce, "Ka ce ba ka ba da gashin nan, ko? To shiga mota."

Birnin Kebbi ta cika ta batse. Ko'ina sabon allo ne da sunan ma'aikata, wani a jikin gidan da ko jiya na san awaki ke kwana cikinsa. Ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato suna yawo da jakunkuna suna neman ɗakin haya. Komai ya yi tsada, ƙosai ma ya rame. Abin da babu shi ne wuta, an ce tun shekaranjiya ba a kawo ba. Mu kuma an gargaɗe mu mu iso da hantsi, don likitan yau zai koma Sakkwato, kuma maganin in an haɗa shi ba ya jira.

Muka hau kabu-kabu ɗaya mu biyu, kular a kan tanki, ƙafata a miƙe tana share hanya. Shago bayan shago, firizar kowa ɗumi kamar cikin tukunyar tuwo. Wani mai shago har ya buɗe tasa ya nuna mana, kyankyaso ne ya leƙo yana neman iska. Rana tana hawa, Baba yana duban ta yana duban ni. Can ɗan kabu-kabun ya tuna da wata Hajiya a bayan wata makarantar firamare, mai firjin da ke aiki da kananzir.

Hajiya ta ce farar ƙanƙara babu. Abin da take da shi zoɓo ne a ƙulle cikin ƙananan ledoji, wanda take sayar wa 'yan makaranta, ya daskare kamar dutse. Baba ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a ƙofa, ya ce a juye mana duka. Ta tambayi ko biki ake yi, ya ba ta labari, kuma bai tsallake gishirin ba.

"Gishiri? Ɗana, miya za ka yi da ita?" Ta ɗebo ɓuntun shinkafa ta shimfiɗa a ƙasan kular, ta jera ledojin, ta rufe su da wani ɓuntun. Ta shafa gashina ta ce, "Ai kuwa ya cancanci a yi mishi wahala. Allah shi ba ka lafiya."

A asibiti nas ta buɗe kular ta tsaya kallo, ta rufe, ta sake buɗewa, ta je ta kira likita. Ya juya leda ɗaya a hannunsa ya ce sanyi dai sanyi ne, a kula kawai kada ya taɓa fata kai tsaye. Aka jiƙa min gashi da ruwa aka danne shi, aka shimfiɗa ƙyalle mai laushi, aka tare goshi da kunnuwa da auduga, sannan aka jera ledojin zoɓo tun daga goshi har ƙeya. Saura abin ɗaurewa. Bandejin da nas ta kawo ko zagaye biyu bai yi ba. Baba ya kwance rawaninsa, wanda ko taɓa shi ba ma yi a gida, ya naɗa min da hannunsa, ya ja ya tamke. Na koma kamar tulun da aka yi wa gammo a sama.

An ce sai kan ya yi sanyi tukuna za a saki maganin. Jama'a, na sha bulala a makaranta, kunama ta harbe ni, an yanka cinyata, amma ban san akwai irin wannan ba. Kamar an sa kaina cikin turmi ana daka shi da taɓaryar ƙanƙara. Haƙorana suka kama kiɗa. A tsakiyar bazarar Kebbi, mutane na fifita, ni ina roƙon bargo. Wani tsoho a gadon kusa ya leƙo ya ce, "Yaro, cire abin ga ka huta. Gashi ai tsirowa ya kai."

Na so in ba shi amsa mai kyau, amma leɓena ya ƙi motsi. Sai na kaɗa masa yatsa, a'a. Can kuma kan ya mutu murus, zafin ya koma wani nauyi mai nisa.

Maganin da aka rataya ja ne wur. Zoɓo a sama, zoɓo a jijiya, na ce wa nas in aka matse ni yau za a cika kofi. Ta ce in rufe baki in daina motsa hannu. Duk ledar da ta fara laushi, Baba zai kwance rawani, ya musanya ta da mai tauri, ya sake naɗawa. Hannuwansa da suka saba da garma suka yi ja don sanyi.

Ana tsakiyar haka wata leda ta ɓangaren hagu ta fashe. Jan ruwa ya gangaro ta bayan kunnena, ya bi wuya, ya jiƙa riga. Wata mata da ta zo dubiya ta ganni, ta saki kwanon abinci ta fita tana salati, tana cewa kan yaro ya fashe. Kafin nas ta iso rabin ɗakin ya fara yi min addu'a. Ni kuwa na lashi abin da ya iso bakina, na ce sukarin Hajiya ya yi daidai.

Da aka leƙa kular, masu taurin da suka rage ba za su rufe kan duka ba, ga maganin da saura, kuma ko ya ƙare sai an ci gaba da sanyin na wani lokaci. Nas ta ce ko dai a haƙura haka nan, ko in zaɓi inda za a kare. Baba ya dube ni. Na ce a tara su gaba da tsakiya da dama, hagu ya yi ta kansa. Haka aka yi, muka kai har ƙarshe. Ledojin da suka narke Baba ya raba wa 'yan ɗakin, tsohon nan ya sha biyu.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Ban ga fadama ba, ban ga raƙuma ba, cikin ledar amai kawai nake kallo. Tsakanin Ambursa da Argungu na tsayar da motar har direba ya daina tambaya, da na ɗaga hannu sai ya taka birki. Baba yana zaune da 'yar hula, jiƙaƙƙen rawaninsa mai jan dabbare-dabbare a cinya. Muka shiga gida ana kiran magariba. Inna ta ga rigata ta dafe ƙirji, sai da Baba ya rantse mata zoɓo ne.

Tafiyar nan ta koya min cewa mara lafiya yana bukatar abu ɗaya da zai ce a'a a kansa, ko da a idon mutane abin ba komai ba ne. Kowa yana ce maka kwanta, miƙo hannu, haɗiye, yi haƙuri, kuma dole ka yi. In ba ka da naka a'a ɗin, sai ka manta kai ne mai jikin. Da kuma ina tsammanin taurin kai aikin mutum ɗaya ne. Ashe in allura ta riƙe maka hannu, sai da wanda zai riƙa naɗa maka shi.

Bayan kamar mako biyu na fara tashi ina ganin gashi a matashi. Ɓangaren hagu, daga saman kunne har ƙeya, ya zube har fata. Girata ma ta yi shara-shara. Gaba da tsakiya da dama sun rage cika, amma suna nan. Ina taje su zuwa hagu, kuma da su na koma ƙarin ruwa na biyu.