Ƙwayar da Kaka Yake Rabawa Biyu

Jiya da safe ina ɓallo wa mahaifiyata Mma ƙwayar hawan jini daga cikin takardarta, sai na ji ƙarar nan, ɓas! 'Yar ƙaramar ƙara ce, ba ta kai ta fasa gyaɗa ba, amma wallahi duk ranar da na ji ta sai raina ya ɓaci. Nan take take mayar da ni zauren gidanmu na unguwar Alabar a Kumasi, lokacin ina 'yar firamare, ga Kaka zaune a kan buzunsa, ga 'yar wuƙar da yake yanka goro da ita a hannunsa.

Kaka shi ne ya haifi babana. Dillalin shanu ne a zamaninsa, kuma mai masauki. Duk bafataken da ya gangaro da garke daga arewa, gidanmu yake sauka, ya ci, ya sha, ya kwana, Kaka ya sayar masa da dabbobinsa, ya koma. Ni ban riski wannan zamanin ba. Na buɗe ido na tarar motoci sun karɓe harkar, masu saye da masu sayarwa suna gama cinikinsu ta waya, ba mai neman tsohon dillali. Baƙo ɗaya tak ya rage a zauren, shi ma don ba shi da inda zai koma ne. Muna kiransa Baban Zaure.

Dogon mutum ne siriri, mutumin Nijar, ƙafafunsa duk faso. Tun yana saurayi yake koro wa Kaka shanu a ƙasa, wata da watanni yana tafe. Matarsa ta rasu, bai sami haihuwa ba, waɗanda ya sani a garinsu duk ƙasa ta rufe su. Shi da Kaka kwano ɗaya suke ci. Da damina, idan ruwan Kumasi ya kece kamar ba zai ɗauke ba, kwatar ƙofar gida ta cika ta tumbatsa, sai su ja gawayi kusa su ɗora shayi, zauren ya gauraye da ƙamshin na'ana'a da hayaƙi. Goro ɗaya Kaka zai ɗauko, ya ɓara, ya miƙa masa ɓari. Ban taɓa ganin Kaka ya kai wani abu baki shi kaɗai ba alhali baƙonsa yana zaune. A wurinsa wannan ba kirki ba ne, doka ce: abin da mai gida ya ci, shi baƙo zai ci.

Wata Juma'a masu fararen riguna suka kafa rumfa a ƙofar masallaci suna auna jinin tsofaffi kyauta. Suka auna Kaka, suka auna Baban Zaure, suka ce duka biyun jininsu ya hau, dole su riƙa shan magani kullum har ƙarshen rayuwa. Suka ɗauki hotuna, suka naɗe rumfarsu, suka tafi. Lokacin ne kuma ake ta shela a rediyo cewa gwamnati ta kawo katin asibiti, tsoho ba zai biya komai ba. Kai, mun yi murna! Kaka haifaffen nan ne, yana da takardunsa, babana ya bar aikinsa na gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai, ya raka shi, aka yi masa kati.

Baban Zaure kuwa ko guntuwar takarda ba shi da ita. Kuma tun shekarar da aka kori baƙi daga ƙasar nan, wadda ya shafe makonni a ɓoye a ɗakin ajiyar dusa na gidanmu, ba ya kusantar duk inda ake rubuta sunan mutane. Da ƙyar babana ya lallashe shi. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, suka hau trotro, motar haya, suka yini a layi. Da aka zo kansa, sai wanda ke bayan tebur ya tambaye shi inda aka haife shi, da takardar da ke nuna haka. Babana ya ce tsohon bai tsaya jin ƙarshen tambayar ba. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya fita ko waiwaye bai yi ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara iya ɗaga masa zancen.

Kashegari da safe na kai musu koko, na tarar Kaka ya ɗora ƙwayarsa a kan murfin kwano, ya dafe ta da yatsa, ya sa wuƙar goro ya raba ta biyu.

"Likita ya ce rabi-rabi ake sha," in ji shi. "Ta yi wa mutum ɗaya ƙarfi. Karɓi naka."

Ƙarya ce, kuma kowa a cikin gida ya san ƙarya ce, ban da Baban Zaure. Mma ba ta iya yin shiru ba. Ta jira baƙon ya fita alwala, ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa kamar yadda suruka take yi.

"Baba, ku yi haƙuri, maganin nan ba goro ba ne. An ce in ba a sha shi cikakke ba, jijiya tana iya tsinkewa."

"Na ji. In haɗiye, shi yana kallona?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Babana ya gwada sayo wani daban a kemis, ya yi wata biyu yana yi, aiki ya ja baya, ga mu bakwai a gida, abin ya gagara. Aka koma rabi-rabi. Kada ka ce min Kaka jahili ne. Ya fahimci maganar Mma sarai. Zaɓi aka ajiye masa tsakanin lafiyarsa da mutuncinsa, kuma ba shi ya ajiye wa kansa wannan zaɓin ba.

Shekara ta zagayo, damina ta sake sauka. Wata safiya muka ji butar ƙarfe ta faɗi tana gangarawa a tsakar gida. Kaka ne kwance a wurin alwala, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. A asibiti wata nas ta duba katinsa, ta ce ai ana ba shi magani kowane wata, me ya sa jinin ya kai haka? Mma tana kuka ta faɗi gaskiya. Ba ta lura Baban Zaure yana tsaye a bayanta riƙe da takalman Kaka ba.

Da aka dawo da Kaka gida, Baban Zaure ne ya karɓi jinyarsa, ya hana kowa. Shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi koko da cokali yana goge masa abin da ya zubo a gemu. Kowace safiya zai ɓallo ƙwayar guda, ya sa masa a baki, ya tsaya har sai ya ga maƙogwaro ya motsa. Kaka yana ɗaga hannun hagu yana nuna shi, yana gurnani, hawaye na bin kuncinsa. Shi kuwa sai ya ce, "Na sha nawa, mai gida." Mma ta sayo masa nasa da ribar kokonta, ya mayar mata, ya ce ta saya wa yara sabulu. Bai cika wata biyar ba. Ya sunkuya zai ɗaga Kaka, ya kife a kansa, shi ke nan. Kaka ya bi shi kafin azumi.

Yau zauren nan an toshe ƙofarsa ta ciki, an ba wani mai sayar da waya haya. Babana ya bar Magazin da mataccen baya da idon da ba ya gani sosai, ba fansho, ba sannu, don an ce fansho na masu aikin ofis ne. Duk lokacin zaɓe motoci masu lasifika suna ratsa unguwar Asawase suna rantsuwa cewa tsofaffi ne a gaba. Idan na ji su sai in rufe taga, don ina jin tsoron abin da zai fito daga bakina. Mutumin da ya taka daga Nijar zuwa nan da ƙafarsa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, don mutanen garin nan su ci nama, an rasa layin da za a rubuta shi yana da rai.

Amma an rubuta shi daga baya. Ranar da ya rasu, babana ya je karɓo takardar izinin binnewa. Ba a tambayi inda aka haife shi ba, ba a nemi shaida ba. Babana ya faɗi sunan, aka rubuta, aka buga hatimi, aka miƙo masa tun kafin ya sami wurin zama.