Hoton Inna a Bakin Banda

Shekarar da aka ɗauke ni aikin buga takardu, ba a daɗe da sauya wa ƙasarmu suna ba, kuma kowa ya zama kamarad, har mai sharar biro, wato ofis. Ina da shekara ashirin da 'yan kai. Aka ba ni mashin mai haruffan ƙarfe da tebur kusa da taga, a ɗakin wani kwamiti da aka kafa don shirya bikin juyin juya hali a Malanville. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, bandar kifi take yi a bakin kogi, ƙasa da gada, tun kafin a haife ni.

A can wani mai zane ya same ta. Mutumin Guéné ne, siriri, ya kusa arba'in. Ya yi shekaru a Kwatano yana zana zakuna da furanni a jikin manyan motoci, ya dawo gida da wani irin zane da ba mu taɓa gani ba. Babu wanda ya koya masa. Katakon akwatin shayi yake ɓallewa don ya yi zane a kai, ya zuba fentin mota a gwangwanin tumatir. Sati uku yana zaune a kan wani kifaffen kwalekwale yana kallon matan banda, har suka daina ce masa mahaukaci suka koma aikensa ya miƙo musu itace.

Ranar da ya nuna mana hoton Inna da ya zana, kunya ta kama ni. Ya yi wa Inna hannaye da suka fi kanta girma. Fuskarta shuɗiya ce, idanun ja, bayanta ya lanƙwasa kamar goshin jirgi. Hayaƙin ya yi shi ruwan goro, ya cinye rabin katakon. Ni da na yi lakwal, karatun boko, na saba da hotunan littafi masu tsabta, sai na ga kamar ya zage ta.

Inna ta goge hannu a zani, ta daɗe tana kallo.

"Wanga mutum ya san hayaƙi," in ji ta. "Mai hoton tasha ya ɗauke ni sau biyu, sai ɗankwalina ya gani."

Na koma na sake dubawa, don in gano abin da ta gani. Sai na tuna da hannayen nan ne take juya kifi a kan wuta ba tare da ƙarfe ba, kuma ban taɓa ganin idonta fari ba. Tun ina goye nake kallonta, amma sai da baƙo ya sa ta a katako na san kamanninta.

Kwamiti ya ba da sanarwa a kawo ayyukan talakawa, za a baje a ɗakin taro ranar biki. Aka kawo tabarmi, aka kawo ƙorai, shi kuma ya kawo Inna. Shugaban kwamitin, wani tsohon malamin makaranta mai son dogon Faransanci, ya tsaya gaban hoton ya haɗe gira. Ya ce matar ba ta murmushi. Ya ce baƙi daga babban birni za su ɗauka juyin juya hali bai iso arewa ba. Ya sa ni na buga takarda: a gyara hannaye su dawo na mutane, a sa murmushi, a sa tuta a bayanta.

Ni na buga, ni na kai. Ba zan ɓoye wannan ba. Mai zanen ya sa na karanta masa, ya ninke takardar ya mayar mini.

"Ƙanwata, gaya mishi ban ga murmushi a wurin ba. Ranar da na gani, ni zan sa."

Washegari aka kwashe gwangwanayensa da burushinsa, aka tsare shi kwana uku don a gyara masa tunani. Hoton kuwa aka jingina shi a ɗakin ajiya na kwamiti, fuskarsa ga bango. Mabuɗin ɗakin a aljihun teburina yake.

Ana gobe biki da hantsi, ina cikin bugu, sai ƙamshin banda ya riga Inna shigowa. Ba ta taɓa taka biro ba. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta tsaya gaban shugaban.

"Kumandan, na taho ɗaukar kaina."

"Inna, babu kumandan yanzu. Kamarad ake cewa."

"To, kamarad, an ce ka kulle ni a ɗaki, fuskata ga bango. Mi na yi maka?"

Ya yi mata bayani mai tsawo, cewa hoton yana rage mata daraja, cewa kwamiti mutuncinta yake karewa. Ta bar shi ya gama.

"Shekara talatin ina shan hayaƙi, ba wanda ya taho kare mutuncina. In murmushi kake so, taho ka zauna bakin banda daga safe zuwa azahar, sannan ka yi muna shi mu gani."

Ya juyo gare ni ya ce da Faransanci in fitar da tsohuwar nan. Na ja aljihun tebur, na ɗauko mabuɗi, na buɗe ɗakin ajiya, na fito da hoton. Na amsa masa da Hausa, don ta ji.

"Kamarad shugaba, kun ƙi shi a rubuce, ni na buga takardar. Abin da kwamiti ya ƙi ba na kwamiti ba ne."

Ta naɗa gammo, na ɗora mata. Haka ta ratsa kasuwa da shi a ka, ta rumfar masu albasa, 'yan kasuwar Kamba suna leƙowa, ni ina biye. Ranar biki, ana maci a babban titi, ta jingina shi kusa da kwandunanta a kasuwa. Wasu sun yi dariya. Wani dattijo ya ce zanen mutum ba kyau, ta ce ya wuce ya sayi kifi gaba. Amma matan banda sun zo ɗaya bayan ɗaya, wata ta ɗora tafinta a kan tafin hoton tana gwadawa. Wani direba daga Gaya ya tsaya kallo har motarsa ta cika ana nemansa.

Cikin satin aka sanar da ni an mayar da ni Madécali, inda babu mashin balle abin bugawa. Ban nemi afuwa ba, ko da yake kawuna ya matsa mini in je.

Kafin in tafi, mai zanen ya zo kasuwa, ya rame, an aske masa kai. Ya tsugunna gaban hoton yana duba inda ƙusa ta karce shi a ɗakin ajiya. Inna ta miƙa masa hannunta na hagu.

"Ka manta wanga tabon. Garwashi ne, shekarar da ruwa ya ci gidajenmu."

Ya ce ba shi da fenti ko ɗigo. Ta aika wurin mai gyaran keke aka samo baƙi kaɗan a murfin kwalba. Ya fasa kan tsinken tsintsiya da haƙori, ya riƙe hannunta a kan gwiwarsa, yana kallo yana sawa. Ina tsaye da jakata, mai babur yana ta danna mini oda, na ce ya jira sai an gama.