Katin da Baban Orval Ya Datse

Orval Dudek ya rasu a watan Maris a Erie, garin da aka haife shi. Direban motar kashe gobara ne har ya yi ritaya, abokina ne kuma tun muna makaranta. Ban taɓa sanin mutum mai taushin hannu kamarsa ba.

Duk Asabar ɗin farkon wata yakan shimfiɗa teburinsa a zauren coci inda masu tara katunan hotunan 'yan wasan ƙwallon besbol ke haɗuwa, da kofi a gefe. Yana saye yana sayarwa, amma akwai kati ɗaya da ba na sayarwa ba ne. Tsohon kati ne irin wanda ake sakawa cikin kwalin taba tun zamanin kakanninmu, da hoton wani ɗan wasa mai gashin baki. Babansa ne ya sa almakashi ya rage gefunansa don ya shiga gwangwanin tabarsa lokacin da za shi yaƙi, ya kuma dawo da shi.

A wurinmu masu tara kati, kati datsattse kamar nakasasshe ne. Kamfanin tantancewa yakan auna kati, ya ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, ya rufe shi cikin roba mai tauri. Wanda aka datse ba ya samun maki ko ɗaya, ko da ya fi sauran kyau. Stan Ferrante, mai teburin da ke kusa da nasa, bai taɓa barinsa ya huta ba. Yakan ce katin Orval ya je wurin wanzami an yi masa aski. Orval sai ya ce ai gara aski da zaman kurkuku irin na katunan Stan. Yakan miƙa katin ga duk wanda ya tsaya ya riƙe, ya sa yatsa ya bi gefen, inda almakashin ya ɗan karkace.

Da ciwon huhu ya kwantar da shi, 'yarsa Marcy ta ɗauki katin ta aika wa masu tantancewa ba da saninsa ba. Da kyakkyawar niyya ta yi. Tana so a tabbatar ba jabu ba ne, ta kuma rufe bakin Stan. Katin ya dawo cikin roba, an rubuta a samansa cewa na gaske ne, an datse. Ta kai masa asibiti da murna.

Ya yi mata godiya, ya jujjuya robar a hannunsa, ya ajiye a kan ƙirji. Bayan ta fita ya dube ni.

"Gene, kana da filaya a mota?"

Na ce ina da ita, amma idan robar ta tsage ba daidai ba za ta yage katin. Na ce Marcy za ta ji haushi.

"Tsoho, ba ni da lokacin musu da kai. Ina so in taɓa shi."

Na sauka na ɗauko. Na kama kusurwar robar na matsa, ta ƙi. A karo na biyu ta yi ƙara ta tsage, wani guntu ya tashi ya faɗa cikin kofin ruwansa. Na zura bakin mabuɗi na ɗaga a hankali. Ba abin da ya sami katin.

Marcy ta shigo ta tarar da ɓaraguzan roba a kan bargo. Ta kalle ni, na kalli ƙasa. Sai ta ga babanta idonsa a rufe, babban yatsansa yana bin gefen katin. Ta tattara ɓaraguzan ta zuba a kwandon shara, ta zauna a bakin gadon.

Katin yana hannunsa ranar Talata da ya cika. Ina kewarsa ƙwarai.