Malam Labbo, Mai Kashe Babur a Gindin Tsamiya

Da hantsi za ka ga Malam Labbo ya daki tsohon babur ɗinsa ya fita daga Sabon Birni, ya nufi firamarorin ƙauye da aka ɗora masa dubawa. A hanyoyin nan namu, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Gobir, wanda ya hau babur ba ya waiwaye sai ya ga ƙofar gida. Shi kuwa bawan Allahn nan, in ya dawo ya iso tsamiyar bakin gari, sai ya kashe inji, ya cire hula, ya juyo ga wanda ya goyo ya ce, "To, yau mi munka yi ba daidai ba?"

Wanda ya fi shan wannan tambaya shi ne Malam Hafizullahi, hedimastan da ake shiryawa ya gaje shi. Da farko haushi take ba shi. Ga yunwa, ga fargaba, ga dattijo ya kafe sai an tona aikin da kowa ya riga ya yaba.

Wata rana suna makarantar Hafizullahi, a wani ƙauye ta wajen Gangara, sai wani manomi ya shigo a guje, wai an hango babura daga gabas. Nan take Malam Labbo ya sa aka kaɗa ƙararrawa, kowane yaro ya nufi gida. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane, mutanen gari suka yi ta sa masa albarka. Da suka iso tsamiya ya kashe babur.

"Ranka ya daɗe, yau dai ai ba laifi," in ji Hafizullahi.

"Sa'a munka yi. Ɗiyan ruga, wane gefe gidansu yake?"

Rugar tana gabas, inda aka hango baburan.

Washegari suka tafi rugar da ƙafarsu. Wata mai tallar nono, Adda, ta tare su ko tabarma ba ta shimfiɗa ba. 'Yarta Hafiza a gonar dawa ta kwanta rub da ciki, tana jin babura suna wucewa ta gefenta.

"Malam, kun ce su tai gida," in ji Adda. "Gidanmu shi na inda ake gudowa. Na hidda ta makaranta, ba ta komawa."

Malam Labbo, kai ne ba ka kare kanka ba. Ba ka ce umarnin ofis ne ba, ba ka ce ai ba abin da ya faru. Ka durƙusa a turɓaya ka ce, "Inna, kuskurena na. In kin shiga gari da nono, ina kike sauke ƙwarya?"

Ta ce gidan wata Khadijatu, can take salla, can take shan ruwa. Ashe kowace mai nono tana da irin wannan gida a cikin gari, abin da kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa haɗa shi da makaranta. Malam Labbo da Hafizullahi suka bi gida-gida suna roƙo, har kowane ɗan ruga ya san ƙofar da zai faɗa in ta ɓaci. Da ƙyar Adda ta mayar da Hafiza aji, ta kuma ce in aka sake, ba ita kaɗai za ta janye 'yarta ba, rugar ce gaba ɗaya.

Bayan girbi abin ya sake tasowa. Malam Labbo yana can garin Isa wajen taro, waya kuma ba ta shiga. Hafizullahi ne kaɗai. Malamai suka yo kansa, kowa na cewa a kaɗa ƙararrawa. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya riƙe ƙarfen bai buga ba. Ya tambayi wanda ya kawo labari, "Ta wane gefe?" Aka ce gabas. Ya shiga aji-aji da kansa, ya ce 'yan gari su tafi gida, 'yan ruga kowa gidan ƙwaryar uwarsa, kada wanda ya kuskura ya bi hanyar daji.

Can sai ga Adda ta shigo gari ba ɗankwali, ta ratso gonaki tana kiran sunan 'yarta. Ba ta bi ta makaranta ba. Gidan Khadijatu ta faɗa, ta tarar da Hafiza a ƙuryar ɗaki an ba ta fura. Ta zauna a tsakar gida ta yi kuka har ta gode Allah.

Da ƙura ta lafa Malam Labbo ya je ya ɗauko Hafizullahi, kuma ran nan shi ya ba tuƙi. Dattijon yana baya yana ta yabonsa. Suna isa tsamiya, Hafizullahi ya kashe babur ba wanda ya ce masa.

"Ranka ya daɗe, akwai inda munka kasa. Yero, sabon ɗalibi, uwatai ba ta tallar nono. Na iske shi tsaye bakin aji shi kaɗai, bai da ƙofar da zai shiga. Gidana na kai shi. Gobe za ni ruga in ji ko akwai irinai."

Malam Labbo ya mayar da hularsa, ya kau da kai yana share ido.

Ga shi yanzu za ka aje aiki, Malam. Ba ka gina aji da sunanka ba, ba a taɓa kiranka a rediyo ba. Abin da ka bar mana shi ne shugaban da ba ya jiran a mutu kafin ya binciki kansa. Mun gode, na Gobir mai kunnen sauraro. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka hutu cikin lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya.

Ku kuma masu hanƙoron kujerar ilimi, ku samu inda za ku riƙa kashe inji, musamman ranar da kowa ke tafa muku. Hafiza tana aji shida bana, kuma Adda ce da kanta take rako ƙannenta har bakin makaranta.