Saje Emrys Zai Rufe Barga

"Mama, in Kawu Emrys ya mutu, wa zai riƙa sa Baba magana?"

Nesta, 'yata mai shekara biyar, ta yi tambayar nan a gaban tsohon, yana riƙe da bokitin dusa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dariya ya yi. "Bari in gama ba dawaki abinci tukuna, 'yar nan, sai in mutu."

Haka Emrys Pritchard yake. Tun da ya tuɓe kakin soja, safiya ba ta waye masa sai a barga, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ya kwashe kashi, ya zuba ciyawa, sannan ya zauna kan dami ya yi rubutu. Littafi uku ya wallafa a kan yaƙi da dawaki. Babu jarumi a cikinsu, sai maza da jikinsu ya dawo gida, hankalinsu ya tsaya can. Yawancin kwafin littattafan suna nan cikin kwali, danshi na ci.

Mijina Idwal haka ya dawo daga yaƙi. Ba magana, ba cin abinci tare da mu. Bindigarsa ta farauta ma sai da na kai gidan ƙanwata na ɓoye. A ɗakin karatun garinmu na buɗe littafin Emrys, na ga irin halin mijina a ciki. Washegari na ja shi barga.

Emrys bai tambaye shi komai ba. Ya nuna masa Bran, wani tsohon baƙin doki. "Ɗaga ƙafarsa ka share kofato, kurtu."

Doki ya ƙi.

Idwal ya ce, "Saje, wannan jakin naka kurma ne."

"Kai ne ka riƙe numfashi. Doki ba ya miƙa ƙafa ga mai riƙe numfashi. Saki."

Idwal ya saki, Bran ya ɗaga ƙafa. Nan Idwal ya fashe da kuka, da kofato a hannunsa.

Kai ne garkuwar gidana, Saje. Mazan da ka tsayar da ƙafafunsu haka ba za su faɗa ba, amma matansu mun sani, mun kuma gode.

Yanzu tsufa ya sa hannun Emrys rawa yake, alƙalami ya ƙi riƙuwa, littafi na huɗu ya tsaya a rabi. Mai filin da bargar take ya sayar, gidajen hutu za a gina. Kafin hunturu za a rufe barga. Bran ya tsufa, babu mai karɓa, likitan dabbobi ake jira ya zo ya yi masa allurar mutuwa. Duk ƙofar da muka buga, "Allah sarki" ake ce mana a rufe. Idwal ya soma komawa shiru, ni kuma na daina barinsa shi kaɗai a gida.

Mai karatu, in akwai irin wannan tsoho kusa da kai, ɗauki shebur yau ka je ka koyi aikinsa. Mu mun ɗora masa kayanmu muka koma gefe muna yabo. Kada ka yi haka, don ranar da hannunsa ya gaza, gidanka ne zai fara ji.